Hatsi naka, mabuɗin rumbu na wani: yadda ake buɗe tsofaffin fayilolin Access da danginsu

Mu ƙaddara wata makarantar sakandare ce. Shekara goma sha biyar ko fiye ana zuba sakamakon jarrabawar ɗalibai cikin wata 'yar manhaja da wani malamin lissafi ya haɗa musu a kan Microsoft Access. Malamin ya yi ritaya, kwamfutar ta tsufa, ran nan aka kunna ta, ta ƙi tashi. Mai gyara ya ciro faifan ajiyarta, aka yi sa'a fayil ɗin yana nan lafiya, sunansa ya ƙare da .mdb. Aka kai shi sabuwar kwamfutar ofis, ta ce ba ta san zancen ba. Wataƙila Office ɗin da ke kanta irin na gida da ɗalibai ne, wanda ba a sa Access a cikinsa. Wataƙila Mac ce, ga shi ba a taɓa yin Access domin Mac ba. Ko kuma Access ɗin yana nan, amma fayil ɗin na zamanin Access 97 ne, irin wanda manhajar ta daina buɗewa tun daga Access 2013. Sunayen ɗalibai da makinsu duk na makaranta ne, babu mai ja. Abin da ba ta da shi shi ne sanin yadda aka jera su a cikin fayil ɗin.

Irin wannan fayil ya fi yawa a duniya fiye da yadda ake zato. Access ya fito a ƙarshen 1992, ya kuma ba akawu da malamin asibiti da magatakardar ƙungiya damar haɗa rumbun bayanai ba tare da sun jira injiniya ba. Ban da wannan, injin da ke ƙarƙashinsa, wanda ake kira Jet, yana zuwa ne a cikin Windows, saboda haka masu haɗa wasu manhajoji suka riƙa ɗora nasu aikin a kansa. Epi Info, manhajar da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar kyauta domin binciken annoba, a fayilolin .mdb take ajiye bayanai tun da ta koma Windows. DHIS na farko, wanda aka fara a Afirka ta Kudu domin tattara alƙaluman asibitoci, kuma Najeriya ta yi aiki da shi kafin zuwan DHIS2, a kan Access aka gina shi. Masu taswira sun san tsohon rumbun taswira na kamfanin Esri wanda shi ma .mdb ne, kuma sabuwar manhajarsu, ArcGIS Pro, ba ta aiki da shi. Kai, har na'urar dangwala yatsa ta ZKTeco da ke ƙofar ofisoshi da yawa, tsohuwar manhajarta tana rubuta shiga da fitar ma'aikata a wani fayil mai suna att2000.mdb.

To, mene ne kullen? Yawanci babu wani kwaɗo a jikin fayil ɗin. Abin da aka ɓoye shi ne tsarin jeri: wane bayit (ƙwayar da kwamfuta ke auna bayanai da ita) ne ke nufin suna, wanne ne kwanan wata, ina layi ya fara, ina ya ƙare. A 2008 Microsoft ya wallafa cikakken bayanin tsofaffin fayilolin Word da Excel da PowerPoint, a 2010 ya ƙara da na Outlook, amma bai fitar da irin wannan takarda ga .mdb ko magajinsa .accdb ba. Yana dai raba injin karanta su kyauta. Sai dai kyautar tana da iyaka: a Windows kaɗai take aiki, ba a ganin cikinta, kuma ranar da mai ita ya ga dama zai cire mata wani sashe, kamar yadda ya faru da fayilolin 97. Wanda sabarsa (babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai) ke kan Linux maimakon Windows, ko ma'ajin tarihi da ke tunanin shekara hamsin masu zuwa, wannan kyauta ba ta biya masa buƙata.

Shi ya sa wasu suka zauna suka yi abin da tela yake yi idan aka kawo masa rigar da bai taɓa ɗinka irinta ba: ya farke ta a hankali ya ga yadda aka yanka ta. Hanyar ba ta da wani sihiri, haƙuri take ci. Za ka ƙirƙiri rumbu fayau, ka ajiye kwafinsa. Ka ƙara layi ɗaya, ka sake ajiyewa. Ka kwatanta fayilolin biyu bayit bayan bayit ka ga abin da ya motsa. Ka canza harafi ɗaya, ka sake dubawa. Ka share layin, ka ga ko ya tafi da gaske ko alama kawai aka yi masa. Haka Brian Bruns ya faro aikin da ake kira MDB Tools a wajajen shekarar 2000. Shi ne kuma ya assasa FreeTDS, wanda ya yi wa hanyar sadarwar Sybase da SQL Server irin wannan farka. Abin da shi da waɗanda suka biyo shi suka gano sun rubuta shi a wani fayil mai suna HACKING a cikin aikin, kuma har yau duk mai son sanin cikin .mdb can yake fara leƙawa. A ganina wannan rubutu ya fi manhajar kanta daraja, domin manhaja tana tsufa, amma da bayanin tsari a hannu kowa zai iya rubuta sabuwa.

Ga abin da farkar ta nuna. An yanyanka fayil ɗin zuwa gunduwoyi masu girma ɗaya, ana ce musu shafuka. A Jet 3, injin Access 95 da 97, kowane shafi bayit 2,048 ne. A Jet 4, wanda ya zo da Access 2000, ya zama 4,096. Bayit na farko na kowane shafi shi ke faɗin ko shi wane ne: 0 shi ne shafin goshi mai bayanin fayil ɗin gaba ɗaya, 1 shafin ainihin bayanai, 2 shafin da ke siffanta tebur (jadawalin bayanai mai layuka) da gurabensa, 3 da 4 kuwa na fihirisa ne. A shafin goshin akwai rubutun da ido ke iya karantawa, "Standard Jet DB" ga .mdb, "Standard ACE DB" ga .accdb wanda ya zo da Access 2007. Wannan yana da amfani ranar da aka kawo maka fayil da aka canza wa suna: wasu masu manhaja sukan sauya ƙarshen sunan zuwa .dat ko wani abu daban, amma goshin yana tona asiri.

Jerin sunayen teburan da ke cikin rumbun shi kansa tebur ne, ɓoyayye, mai suna MSysObjects, kuma siffarsa kullum a shafi na 2 take. Ma'ana sai ka iya karanta tebur kafin ka san waɗanne tebura ne a ciki. Daga nan mai karatu yake bin sawu: ya samo sunan tebur da lambar shafin siffarsa, ya je can ya ga gurabe nawa ne, wane iri ne kowanne, sannan ya nemi taswirar da ke nuna shafukan da layukan teburin suka warwatsu a cikinsu.

A cikin shafin bayanai abin ya fi ban sha'awa. Lambobin da ke nuna mazaunin kowane layi suna sauka daga sama, layukan kansu suna taruwa daga ƙasan shafi suna hawa, idan suka haɗu a tsakiya shafi ya cika. Kowane layi yana farawa da adadin gurabensa, sai gurabe masu tsayayyen girma irin su lamba da kwanan wata, sai masu miƙewa irin su suna da adireshi, sannan a wutsiya akwai ɗan jadawalin da ake karantawa ta baya domin sanin inda kowane suna ya fara, da wasu 'yan alamu masu nuna gurbin da aka bari fanko. Gurbin "e ko a'a" ba shi da mazauni nasa ma, a cikin waɗannan alamun fanko ake cusa amsarsa. Idan kuma a shekara ta biyar aka ƙara wa tebur sabon gurbi, Access ba ya komawa ya gyara tsofaffin layuka, don haka a tebur ɗaya za ka tarar da layi mai gurbi goma da mai goma sha ɗaya. Dogon rubutu da hotuna kuwa wasu shafuka dabam ake kai su, wani lokaci a sarƙe, wannan na nuna wancan. Duk manhajar da ta manta ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji za ta iya fitar da sakamako ba tare da ta yi ƙorafi ba, amma sakamakon gurgu ne.

MDB Tools tarin ƙananan umarni ne da ake bugawa da hannu. mdb-ver yana faɗin zamanin fayil. mdb-tables yana lissafa tebura. mdb-schema yana fitar da siffar teburan da yaren rumbun da za a koma, ko PostgreSQL ko MySQL ko SQLite ko Oracle. mdb-export yana zazzage tebur guda zuwa CSV (fayil ɗin rubutu zalla da waƙafi ke raba gurabensa) ko zuwa umarnin zuba shi a sabon rumbu. Akwai mdb-sql ga mai son yin 'yar tambaya, da mdb-queries mai nuna tambayoyin da aka adana. An rubuta shi da yaren C, yana da sauri, yana cikin ma'ajiyar manhajojin Debian da Ubuntu na dangin Linux, kuma aikinsa karatu ne, ba a dogara da shi wajen rubutu. Tarihinsa ya nuna halin irin waɗannan ayyuka na sa-kai: ya yi shekaru yana tafiyar hawainiya, sai a 2020 Evan Miller ya karɓi ragama ya share tarin gyare-gyaren da suka daɗe suna jira, siga ta 1.0 ba ta fito ba sai a 2021, fiye da shekara ashirin da farawa. Wanda ya gwada shi a da ya ga yana faɗuwa a kan fayilolin .accdb, ya kamata ya sake gwada na yanzu.

Ɗaya babban reshen a duniyar yaren manhaja na Java yake. Jackcess tarin kayan aiki ne na masu haɗa manhaja, wani kamfanin bayanan lafiya na Amurka mai suna Health Market Science ne ya faro shi ya sake shi ga jama'a, yanzu yana ƙarƙashin lasisin Apache. Ya bambanta da MDB Tools ta fuskar cewa yana rubutu: zai iya ƙirƙirar fayil, ya ƙara layi, ya gyara fihirisa, tun daga tsarin Access 2000 zuwa sama. Na 97 kuwa karantawa kawai yake yi, wanda kuma shi ne abin da makarantarmu take buƙata. A kansa Marco Amadei ya gina UCanAccess, wanda ya sami karɓuwa sosai bayan Java 8 ta cire tsohuwar gadar da ake bi a isa ga Access a 2014. Dabarar UCanAccess ita ce ya kwashe bayanan ta hanyar Jackcess ya zuba su a wani rumbu na wucin gadi, HSQLDB, ya riƙa amsa tambayoyi daga can. Amfaninta shi ne kana samun cikakken SQL, yaren da ake yi wa rumbu tambaya da shi. Illarta ita ce, idan ba a sauya saiti ba, a ƙwaƙwalwar kwamfuta yake zuba komai, saboda haka fayil da ya doshi iyakar Access ta gigabayit 2 zai iya shaƙe ƙaramar kwamfuta kafin ya buɗe. Wanda ba ya son buga umarni zai iya bin DBeaver, mai amfani da UCanAccess a bayan fage, ko ya haɗa shi da LibreOffice Base. Kexi na KDE kuma da guntun MDB Tools yake shigo da .mdb.

Fitar da tebur ba shi ne wahalar ba. Abin tsoro shi ne kuskuren da ba ya ihu.

Ɗauki kwanan wata. Access ba ya rubuta rana da wata da shekara, ƙidayar kwanaki yake ajiyewa daga 30 ga Disamba 1899, sa'o'i kuma su zama ɓurɓushin bayan ɗigo. Ranar 1 ga Oktoba 1960 a wurinsa 22190 ce, tsakar ranarta 22190.5. Manhajar da ke karantawa ita ce za ta mayar da wannan lamba zuwa rubutu, kuma mdb-export, idan ba a gaya masa tsarin da ake so ba, salon Amurka yake bi: wata kafin rana, shekara da lamba biyu. Nan take 03/04 ta rikiɗe daga 4 ga Maris zuwa 3 ga Afrilu a idon mai karatu, wanda aka haifa a 1925 da jaririn 2025 kuma suka zama sa'o'in juna. Maganin kalma ɗaya ce a cikin umarnin, a ce masa ya fitar da shekara cikakkiya, wata, rana. Amma sai wanda ya san da ramin yake tsallake shi. Kuɗi ma haka: gurbin kuɗi lamba ce cikakkiya da aka ninka sau 10,000, wato naira 1,500 tana zaune a matsayin 15,000,000. Idan aka zuba ta a gurbin da ke yin kintace a sabon rumbu, kwabbai za su fara zubewa, jimilla ta daina daidaita da littafin akawu.

Sai batun haruffa, wanda ya shafe mu kai tsaye. Jet 3 da fayilolin zamanin DOS bayit ɗaya suke ba kowane harafi, fassararsa kuma ta dogara da jadawalin haruffan da kwamfutar take kai. A jadawalin DOS na Yammacin Turai harafin é lamba 130 ne, a na Windows-1252 kuwa 233. Shi ya sa tsohon fayil na Faransanci daga Nijar zai iya nuna Tillabéri a matsayin Tillab‚ri. Rubutun Larabci da aka shigar da jadawalin Windows-1256, idan aka karanta shi da na Turai, tarkacen wasula masu ɗigo-ɗigo yake zama. Wannan mai sauƙi ne, MDB Tools yana da saiti mai suna MDB_JET3_CHARSET da ake faɗa masa jadawalin gaskiya. Namu ya fi haka ciwo. Windows-1252 ba shi da ɓ, ɗ ko ƙ, ba shi da alamar naira. Masu shigar da bayanai a wancan zamani ko dai su rubuta k da d da b kawai, ko su maƙala musu waƙafin sama, ko su sa wani fon na musamman da ke zana ƙ a gurbin wata alamar da ba a cika amfani da ita ba. A allo ana ganin Hausa tsaf, a cikin fayil kuwa wata alama ce daban take zaune. Babu manhajar da za ta gane wannan da kanta. Sai mutum ya duba, ya gano wace alama ce ta tsaya wa wane harafi, ya musanya. Inda kuma aka rubuta k zalla, babu abin musanyawa, sai mai jin Hausa ya raba kafa da ƙafa. Jet 4 ya koma Unicode, jadawalin da ya tattara haruffan harsunan duniya, yana iya ɗaukar haruffanmu, amma bayanan da aka kwaso daga tsohon fayil da lahaninsu suka shigo.

Wani abin da farkar ta tona, wanda ya kamata duk mai riƙe da bayanan marasa lafiya ko albashi ya sani: kalmar sirrin da ake sa wa .mdb ba ta rufe komai. Tana zaune a shafin goshi an ɗan jirkita ta, injin Jet ne kawai yake tsayawa ya tambaye ta. Shafukan bayanan a buɗe suke, MDB Tools yana wucewa ya karanta ba tare da ya ce uffan ba. Ga makarantar da malaminta ya tafi da kalmar sirri a kansa, wannan rahama ce. Ga asibitin da kwamfutarsa ta ɓace, akasin haka ne. Da .accdb aka fara rufewa ta gaske, kuma a nan ƙarin da ake kira Jackcess Encrypt zai buɗe maka ne kawai idan kana da kalmar. Haka nan layin da aka share: alama ake yi masa, sau da yawa bayit ɗinsa suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu ko an matse fayil ɗin.

Ba Access kaɗai ba ne a wannan gida, sai dai sauran labarinsu ya fi gajarta. Kakan kowa shi ne dBASE, wanda Wayne Ratliff ya fara rubutawa a 1978 da sunan Vulcan, kamfanin Ashton-Tate ya yaɗa shi a farkon shekarun 1980. Fayil ɗinsa, .dbf, sauƙinsa har ya yi yawa: goshi mai bayit 32, sai bayit 32 ga kowane gurbi, sunan gurbi kada ya wuce harafi 10, sannan layuka masu tsawo ɗaya a jere, lambobi da kwanan wata duk a rubuce kamar yadda ido ke karantawa. Layin da aka share tauraro ake sa masa a gaba. Saboda wannan sauƙi kowa ya kwaikwaye shi, Clipper da FoxPro da sauransu, har ya zama tamkar mallakar jama'a. Dalilin da ya sa bai mutu ba shi ne taswira: duk fayil ɗin taswira irin na shapefile yana tafe da .dbf a gefensa, shi ya sa har yau masu taswira suke fama da guntayen sunaye masu harafi goma. LibreOffice Calc yana buɗe shi kai tsaye, dbfread yana karanta shi a Python, GDAL yana juya shi zuwa kusan kowane tsari. Tarkonsa guda shi ne dogon rubutu yana zaune a wani fayil daban, .dbt ko .fpt na FoxPro. Wanda ya kwafi .dbf ya bar abokinsa, ya bar rabin kaya a tasha. Paradox na Borland yana da pxlib na Uwe Steinmann. FileMaker, wanda ya fi yawa a wurin masu Mac, yana da fmptools, shi ma aikin Evan Miller.

Akwai mai tambayar ko wannan farka halal ce a shari'a. A Turai dokar manhaja ta 1991 ta yarda a binciki cikin manhaja idan manufar ita ce a sa wata ta yi aiki tare da ita. A Mayun 2012 kuma kotun Tarayyar Turai, a shari'ar SAS Institute da World Programming, ta ce aikin da manhaja take yi da tsarin fayilolin bayananta ba sa cikin abin da wannan doka take karewa a matsayin rubutun manhaja. A Amurka hukuncin Sega da Accolade na 1992 ya buɗe irin wannan ƙofa. Masu MDB Tools ma ba cikin Access suka leƙa ba, fayilolin da suka ƙirƙira da hannunsu suka bincika.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk waɗannan manhajoji tebura suke fitarwa, alhali fayil ɗin Access ba tebura kaɗai ba ne. A cikinsa akwai fom ɗin da ake cikewa, da rahoton da ake bugawa, da umarnin da aka rubuta da yaren VBA da ke aiki idan an danna maɓalli. Waɗannan suna dunƙule a wasu ɓoyayyun wurare, kuma babu ɗaya daga cikin manhajojin nan da ke iya tayar da su su yi aiki. Ga shi kuwa a nan ma'ana take zaune. Mu koma makarantarmu. An fitar da teburin ɗalibai, an ga wani gurbi mai suna "matsayi" cike da 1 da 2 da 3. A fom ɗin da sakatariya take gani akwai ɗan akwatin zaɓi mai cewa "yana karatu", "ya kammala", "an kore shi", amma wannan fassara a jikin fom take, ba ta cikin tebur. An nemi gurbin A da B da C na jarrabawa, babu shi, domin ba a taɓa ajiye shi ba: rahoto ne yake lissafa shi duk lokacin bugawa, da ƙa'idar da malamin ya rubuta, wataƙila ma ya sauya ta a wata shekara. Tambayoyin da aka adana ana iya fito da rubutunsu, sai dai cike suke da kalmomin da Access kaɗai ya sani, irin su Nz da TRANSFORM, sai an sake fassara su. Wani lokaci kuma za ka buɗe fayil ka tarar teburan duk inuwa ce: masu haɗa manhaja sukan raba aiki gida biyu, fom a fayil ɗaya, bayanai a wani, na farkon yana riƙe da adireshin na biyu kawai. Idan na biyun yana kan wata kwamfuta da aka riga aka sayar, tsugune ba ta ƙare ba.

Saboda haka ni a wurina aikin yana farawa ne da kwafi. A ajiye fayil na asali kada a taɓa shi, domin Access yana iya sauya wani abu a cikinsa da zarar an buɗe. A yi aiki da kwafi. A fitar da bayanan da manhaja biyu da ba su haɗa tushe ba, MDB Tools da wata mai amfani da Jackcess, a kwatanta adadin layuka da jimillar gurbin kuɗi. Idan sun yi daidai, hankali ya kwanta. Idan sun saɓa, ka san inda za ka tona. Kada kuma a tsaya a CSV kaɗai, domin ba ya riƙe nau'in gurbi: ka buɗe shi a Excel, sifirin farkon lambar waya ya faɗi, 0803 ta koma 803, doguwar lambar rajista ta murɗe. SQLite ya fi dacewa. Fayil guda ne kamar .mdb, amma D. Richard Hipp, wanda ya fara shi a 2000, ya bar shi mallakar kowa, an wallafa tsarinsa dalla-dalla, masu kula da shi sun ce suna da niyyar riƙe shi har 2050, Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka kuma ya sa shi cikin tsare-tsaren da yake ba da shawarar adana bayanai da su. Ma'aikatun adana tarihi suna da nasu, SIARD, wanda hukumar adana takardun gwamnatin Suwizalan ta ƙirƙiro, mai tattara siffar rumbu da bayanansa da sharhi a kansu a ƙunshi ɗaya.

Sauran aikin ba na kwamfuta ba ne. Idan akwai inda tsohuwar manhajar take tashi, a ɗauki hoton kowane fom, a buɗe kowane akwatin zaɓi a ɗauke shi, a buga kowane rahoto ko da sau ɗaya, a ajiye su tare da fayil ɗin. Idan ba ta tashi, a nemo tsofaffin takardun sakamako a kwatanta da makin da ke cikin tebur har a gano inda A ta tsaya B ta fara. A kuma aika wani gidan malamin lissafi da goro, a gaishe shi, a tambaye shi abin da 3 take nufi a gurbin "matsayi", da kuma dalilin da ya sa ɗalibai bakwai suke da 4.